Amsa: Me ke akwai a Zufar ta ƙasar Oman, kuma yaushe ya fi dacewa a je?

Mai tambaya, Zufar tana kudancin Oman, ta yi iyaka da Yaman. Babban birninta Salala yana bakin Tekun Larabawa, wajen kilomita 1,000 daga Maskat, duwatsun Ƙara na bayansa. Daga ƙarshen Yuni zuwa Satumba iskar teku kan kawo hazo da yayyafi, duwatsu su yi kore shar. Wannan ne lokacin da mutanen yankin ke kira Kharif, kuma a lokacin ne aka fi zuwa. Masu yawon buɗe ido kan cika garin, masauki ya yi tsada. Kada a shiga teku a lokacin, igiyar ruwa tana da ƙarfi, kuma a yi tuƙi a hankali saboda hazo da raƙuma a kan titi.

Babban gadon yankin shi ne lubban. Bishiyarsa 'yar'uwar hano ce da muka sani a ƙasar Hausa. Ana kankare ɓawonta kaɗan da wuƙa, farin ƙaro ya tsattsafo, a bar shi kamar mako biyu ya daskare. Ɗiban farko ba shi da kyau sosai, na baya ne ke da ƙamshi. In aka yawaita sara ba hutu, bishiyar takan raunana har ta mutu. Hojari, nau'in lubban da ya fi daraja, yana fitowa daga busasshen ɓangaren bayan duwatsu.

UNESCO, hukumar ilimi da al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta sa wurare huɗu na yankin masu alaƙa da lubban cikin jerin kayan tarihin duniya a 2000: Al-Balid, Khor Rori, Shisr da Wadi Dauka. In lokaci ya ƙure, a fara da Al-Balid, kangon tsohon garin bakin teku ne, yana cikin Salala kuma akwai gidan tarihi a wurin.