Dalilin da yasa na hana Hajiya awarwaron jikarta

Ka tambaye ni me yasa na hana Hajiya ƙaramin awarwaro da sarƙar da ta zo a ƙera wa jikarta na ce ta yi ɗan kunne, alhali waɗancan sun fi kawo mana kuɗin aiki. To yarona ai da bakinta ta faɗa, abin da zai daɗe take so, wanda kishiyar tata za ta girma ta ce wannan kakata ce ta yi min ranar suna. Awarwaron jarirai tun kafin yaye ya matse hannu sai a cire a jefa a adaka, sarƙa kuwa ni bana yi wa jinjiri ko nawa za a bani, yaro yana barci yana juyi tana iya shaƙe shi, ko ya tsinka ya kai baki.

Ɗan kunne shi ke bin ɗiya mace daga goyo har ɗakin miji, amma fa sai an yi shi yadda ya kamata. Gwal mai karat 21 (karat shi ne ma'aunin tsantsar gwal) zaka sa mata, wanda ake buga wa lamba 875, in kuɗin bai kai ba a sauko 18 mai lamba 750, shi ya ma fi tauri. 24 yayi laushi da yawa, lanƙwashewa yake. Kar ka sa dutse ko ɗaya, yana faɗuwa, kuma ranar da buƙata ta taso aka kawo sayarwa cire nauyinsa ake yi, asarar mai kaya ce. Bayan ɗan kunnen ya zama mai murɗi dan kar ya zame, sannan ka goge gefen yayi sumul saboda zanin goyo yana kama duk abu mai kaifi ya ja kunnen yarinya. Wanda aka yi wa ruwan gwal kuwa ko kusa, yana wankewa, ƙarfen ƙasan ya sa kunne ƙaiƙayi har ya ɗuri ruwa, wallahi tausayi yaran nan suke bani in an kawo su a cire musu.

In da namiji aka haifa maganar gwal bata taso ba tunda addini ya hana maza, sai zoben azurfa mai lamba 925, ka yi shi daidai yatsan babban mutum uwar ta ajiye masa har ya isa sawa. Azurfa tana yin baƙi in ta jima a ajiye, ka gaya musu tun yanzu kar su zaci algus ne, goga ɗaya take dawowa fes.

In Hajiya ta zo karɓa ka ɗora a sikeli a gabanta ta ga giram ɗin da idonta, ka rubuta nauyi da lambar gwal da kwanan wata a rasit, ka bar gurbin sunan jaririyar sai an raɗa ta aiko a cike.