Hajiya, sana'a ce, amma shekarun farko aljihu ba ya jin daɗinta

Salamu alaikum Hajiya. Tun daren jiya na ga tambayarki, na bari sai na samu zama don ba amsar layi biyu ba ce. Kin ce yaronki ya gama shekara huɗu yana buga besbol a jami'a a nan Amurka, ƙungiyoyin ƙwararru ba su ɗauke shi ba, yanzu kuma ya ce kocin masu dukan ƙwallo yake son zama. Kina son sanin ko wannan aiki ne da mutum zai riƙe gida da shi, ko kuwa dai yaro ne ya kasa rabuwa da wasa.

Ni ban taɓa buga wasan a matsayin ɗan wasa ba, kada in yi miki burga. Karatu ya kawo ni, neman na kashewa ya kai ni wurin ƙungiyar makarantarmu. Wankin riguna na fara, da ɗaukar bokitan ƙwallo, daga baya aka ba ni kyamara ina ɗaukar yaran suna atisaye. Shekara uku na yi a haka ina gefen kocin duka kullum, sannan na ƙara biyu ina taimaka wa wata ƙaramar kwaleji ba albashi, kafin iyali su zo in nemi abin da ke biyan haya. Abin da na gani da idona zan gaya miki.

Tukuna sai kin san abin da ake koyarwar. Tsakanin mai jifa da mai duka ƙafa 60 ne da inci 6, wato mita 18 da ɗoriya. Idan aka wurgo ƙwallo da gudun mil 90 a awa, kusan kilomita 145 ke nan, kafin rabin daƙiƙa ta cika ta riga ta iso. A cikin wannan ɗan ƙiftawar yaro zai gane irin jifar, miƙaƙƙiya ce ko mai lanƙwasa, zai gane ko za ta bi ta inda ya kamata ya daka ko ta kauce, sannan ya yanke shawarar kai sanda ko ya ƙyale. Shi ya sa wanda ya yi nasara sau uku cikin goma ana kiransa gwani. A babbar gasar ƙwararru, rabon da wani ya gama kaka da nasara huɗu cikin goma tun Ted Williams a 1941. To ɗanki yana neman aikin da zai wuni da samari 'yan shekara 18 zuwa 22, waɗanda ko sun ƙware sau bakwai cikin goma za su koma benci da sanda a hannu da ɓacin rai a fuska.

Da na fara, na ɗauka aikin koci shi ne gyaran jiki: ɗaga gwiwar hannu, matso da ƙafa, juya ƙugu. Akwai wannan, ba a rasa shi ba. Amma bari in ba ki labarin kuskurena, don shi ya koya mini sauran.

A ƙaramar kwalejin nan muna da wani yaro bahago, tsayuwarsa ba kyan gani, sandar ma kamar mai shirin sare itace yake riƙe ta. Amma yana dukan ƙwallo. Ni kuwa lokacin na cika kaina da bidiyon manyan 'yan wasa, sai na kira shi keji, wato ragar da ake atisayen duka a cikinta, bayan atisaye na nuna masa hotonsa a kwamfuta, na ce ga inda hannunka ke makara, mu gyara. Yaro mai ladabi, ya bi. Sati biyu muna yi a kan ɗan turken roba da ake ɗora ƙwallo a kai, dukan ya yi kyau a kyamara ƙwarai. Da aka shiga wasa na gaske sai ya daskare. Ƙwallo na tahowa shi kuma hankalinsa na kan hannunsa. Wasa bayan wasa babu abin kirki, har aka ajiye shi a benci. Dattijon da ke shugabantar ƙungiyar bai yi mini faɗa ba, tambaya ɗaya ya yi mini: kafin in taɓa yaron, wace ƙwallo ce ke ba shi wahala? Na yi shiru, don ban duba ba. Da muka koma bidiyon wasanninsa na baya sai ga shi ƙarara: duk jifar da ta bi ta tsakiya yana dakanta lafiya lau, matsalarsa ɗaya ce, yana bin mai lanƙwasa da ke faɗuwa ƙasa tun kafin ta iso. Ciwon a ido yake, ni na je ina ɗaure hannu. Dattijon ya mayar da shi tsohuwar tsayuwarsa, ya sa injin jifa yana cakuɗa masa miƙaƙƙiya da mai lanƙwasa, ya ce kada ya kai sanda ko sau ɗaya, ya dai faɗi da baki wacce zai daka wacce zai bari. Kwana da kwanaki yaro na tsaye yana cewa e, a'a, e, a'a. Kusan wata guda ya ɗauka kafin ya dawo daidai, kuma watan nan ni na ci masa shi, a kakar da ba ta fi wata uku da 'yan kwanaki ba.

Tun daga ranar na lura kocin kirki ya fi yawan kallo a kan magana. Yakan san wane yaro ne ke son a nuna masa lambobi, wane ne kalma ɗaya ta ishe shi, wane ne kuma idan ya shiga kwanakin rashin sa'a abin da yake buƙata a tambaye shi ko ya ci abinci, ko lafiya gida. A nan ɗanki yana da abin da ba a saye. Wanda ya sha wahalar wasan ya san zafin benci, sau da yawa ya fi wanda Allah ya ba baiwa iya bayani. Charley Lau ɗan wasa ne tsaka-tsaki a zamaninsa, amma shi ya zauna da George Brett a Kansas City har Brett ya zama ɗaya daga cikin manyan masu duka. Saboda haka rashin ɗaukarsa da ƙwararru suka yi ba aibi ba ne a wannan layin.

Yanzu kuɗi, don na san nan hankalinki yake.

A rukuni na ɗaya na NCAA, hukumar wasannin jami'o'in Amurka, wato rukunin manyan jami'o'i, shekara da shekaru doka ta ba ƙungiyar besbol babban koci ɗaya, mataimaka biyu masu albashi, da ɗaya na sa kai wanda makaranta ba ta biyansa. Sau da yawa wannan na sa kan shi ne ke kwana a keji da masu duka. Abincinsa daga sansanin horar da yara da ake yi lokacin hutu yake fitowa, da darasin da yake ba 'ya'yan mutane da yamma ana biyansa awa-awa. A 2019 an kawo shawarar a mayar da kujerar mai albashi, aka kada ƙuri'a ta faɗi. Sai daga 1 ga Yulin 2023 aka soke matsayin sa kai, kociyoyi huɗu suka zama waɗanda makaranta za ta iya biya. An samu sauƙi, amma izinin biya daban, yawan abin da za a biya daban. A manyan makarantun kudu maso gabas akwai shugabannin kociyoyi da albashinsu ya haura dala miliyan ɗaya a shekara, mataimakansu ma suna cikin rufin asiri sosai. Waɗannan 'yan tsiraru ne. A rukuni na biyu da na uku, da makarantun NAIA, wata hukumar ta ƙananan jami'o'i, da kwalejojin shekara biyu, inda yawancin masu farawa ke farawa, mataimaki shi ne mai koyar da duka, shi ne mai jan ragar share fili, shi ne direban motar ƙungiya, wani lokaci har da koyar da aji ko kula da ɗakin kwanan ɗalibai don albashin ya ɗan yi kauri. Na san wanda ya yi shekara biyu yana kwana a ɗakin ƙasa na gidan wani mai goyon bayan ƙungiya.

Sannan kujerar ba ta da tushe. Idan aka sallami babban koci, yawanci mataimakansa sun bi shi, ko da masu dukansu sun fi kowa a gasar. Wanda zai yi wannan aiki ya sa a ransa zai yi ƙaura daga jiha zuwa jiha, ba sau ɗaya ba. Ki gaya masa ya faɗa wa duk yarinyar da zai nema tun kafin a kai kuɗin gaisuwa.

Wani abin da yara ba sa hangowa: rabin aikin ba a keji yake ba, a mota yake. Farautar 'yan wasa. Kakar rukuni na ɗaya tana farawa tsakiyar Fabrairu, wasa har 56 kafin a shiga gasar ƙarshe ta ƙungiyoyi 64, takwas daga ciki su isa Omaha a jihar Nebraska a watan Yuni, inda ake yin wasan ƙarshe tun 1950. Kowa na ganin da an gama sai hutu. Ina! Lokacin ne mataimaki zai zauna a kujerar ƙarfe cikin zafin rana daga safe har dare yana kallon 'yan sakandare, yana rubutu, yana kiran iyaye a waya. Da can gurbin tallafin karatu 11.7 kacal ake raba wa ƙungiya gaba ɗaya, sai ka ga koci na lissafin kashi-kashi kamar mai rabon gado. A 2025 tsarin ya sauya ga makarantun da suka shiga sabuwar yarjejeniya, aka koma ƙayyade yawan 'yan wasa zuwa 34. Ga kuma rajistar sauya makaranta da aka buɗe a 2018, wadda daga 2021 yaro zai iya tashi ya buga a wani wuri ba tare da ya zauna shekara ba. Ma'ana yaron da ka yi shekara biyu kana gyarawa, ranar da ya nuna kansa wata babbar makaranta na iya ɗauke shi. Dole kowace shekara ka sake zawarcin naka 'yan wasan. Mai ido wajen gano yaro tun bai yi suna ba, kuma iyaye su yarda da shi, shi ne ke hawa sama da wuri. Jay Johnson, kocin da ya ci kofin ƙasa da jami'ar LSU ta jihar Louisiana a 2023 da 2025, ta wannan hanyar ya bi: ƙaramar makaranta, sannan mataimaki a San Diego yana kula da masu duka da farauta, sannan Nevada, sannan Arizona.

Na'urori kuma ya koye su tun yanzu, ba zaɓi ba ne. TrackMan da Rapsodo da HitTrax suna auna gudun ƙwallo daga sanda da kusurwar tashinta, Blast ɗan maɓalli ne da ake maƙalawa a gindin sanda yana auna saurin juyawa. Ba a ɗaukar matashi yau idan bai iya karanta waɗannan ya haɗa su da bidiyon mai jifar da za a fuskanta gobe ba. Ta nan ne ma ƙofa ta buɗe tsakanin jami'a da ƙwararru. Dillon Lawson kocin duka ne a jami'o'in Missouri, ya bi ta ƙananan ƙungiyoyin da ke ƙarƙashin ƙungiyar ƙwararru ta Houston, ya zama kocin duka na New York Yankees a 2022. A tsakiyar kakar 2023 suka sallame shi. Na kawo shi ne don ki ga hawan da saukar a jikin mutum ɗaya. Ra'ayina dai, na'ura tana gaya maka abin da ya faru, ba ta gaya maka abin da za ka ce wa yaron ba, kuma na ga matasan kociyoyi da yawa sun nutse a lambobi kamar yadda na nutse a bidiyo. Kayan wasan ma suna sauya koyarwa. Da aka kawo sandunan ƙarfe masu ƙa'idar BBCOR, wadda ta rage musu ƙarfin tunkuɗa ƙwallo, a 2011, ƙwallo ta daina tashi kamar da, kociyoyi suka koma koyar da gajeren duka da gudu. Da aka sauya ƙwallo zuwa mai kwantaccen ɗinki a 2015 sai dogon duka ya dawo. Wanda ya haddace hanya ɗaya tak, sauyi ɗaya ke mayar da shi baya.

Tunda mu ne, bari in ƙara wannan. Wasannin ƙarshen mako Juma'a ake fara su, Asabar, Lahadi, kuma rabinsu a garin wasu. Sallar Juma'a sai ya yi shiri da magana da shugabansa tun farko, ba ranar da abin ya zo ba. Azumi ma a 'yan shekarun nan yana faɗowa daidai farkon kaka. Ni na sha buɗe-baki da dabino a bakin keji, injin jifa na ta aiki. Ana iyawa, amma sai mutum ya faɗi abin da yake buƙata da bakinsa.

Idan ɗana ne, ga abin da zan ce masa. Ya je wurin kocin da ya buga wa wasa ya roƙe shi ya buga waya a madadinsa, don a wannan harka wayar mutum ɗaya ta fi takardar neman aiki hamsin. Ya nemi gurbin mataimaki mai karatun digiri na biyu, inda makaranta ke ɗauke masa kuɗin karatu yana koyon aikin. Ko ba komai ya fito da digiri a hannu, kuma ƙananan makarantu da yawa suna son kocin da zai iya shiga aji. Da rani ya nemi ƙungiya a gasannin da ɗalibai ke bugawa da sandar katako, irin na Cape Cod ko Northwoods ko ƙananansu, nan zai samu yara nasa na kansa na wata biyu. A watan Janairu ya tara kuɗi ya je babban taron ƙungiyar kociyoyi ta ABCA, can ake haɗuwa da masu ɗauka. Ke kuma ku zauna ku yanke wa'adi, shekara uku ko huɗu. In lokacin ya cika bai samu kujera mai albashi da inshorar lafiya ba, ya duba koyarwa a sakandare ko wuraren horo masu zaman kansu, duk aikin duka ne kuma ana kwana a gida.

Kafin duk wannan, Hajiya, ki yi masa tambaya ɗaya yau da daddare: ya iya jifar atisaye? Wato ya tsaya bayan raga ya wurga wa yara ƙwallo ɗari biyu ko uku a rana, duk a wuri ɗaya, da gudu ɗaya, ba tare da ya buge kowa ba. Masu duka da yawa ba su iya ba, don ba su taɓa yi ba, kuma shi ne abu na farko da babban koci zai sa shi ya yi ranar gwaji. In ya ce bai iya ba, ya samu bokiti da raga ya fara gobe da safe. Kafaɗar za ta yi tsami sati biyun farko, a tanadi ƙanƙara a firji. In yana son mu yi magana, ki turo mini saƙo ta akwati, ranar Lahadi bayan la'asar ina gida.