Tambaya da Amsa: Wai an gano sabon laikin a dausayi?

Tambaya: Malam, na ji an ce masana sun gano sabon nau'in wata halitta mai suna laikin a wuraren dausayi. Gansakuka ce aka sake wa suna? Kuma yaya abu zai zama sabo a duniyar da ta daɗe haka? — Wata ɗalibar sakandare

Amsa: 'Yata, ba gansakuka ba ce, ko da yake akwai danginta a ciki. Kin san ɓawon nan mai ruwan toka ko rawaya da ke manne wa dutse da jikin bishiya kamar busasshen fenti? To, shi ne. Halittu biyu ne ke zaman gida ɗaya: naman gwari ya gina ɗakin yana riƙe ruwa, ƙwayoyin gansakuka kuma suna ciki suna haɗa abinci da hasken rana. Simon Schwendener, masanin tsirrai ɗan Suwizalan, ya faɗi haka a 1867, abokan aikinsa da yawa suka ƙi yarda. Shi ke da gaskiya.

Maganar sabo kuwa, a wurinmu ne yake sabo. Yana nan tun kafin kakanninmu, ba a rubuta shi ba ne kawai. An san kusan nau'i 20,000, kuma da yawa ido ba ya raba su. Sai an yanka siriri an duba a madubin ƙara girma, an ɗiga masa ruwan sinadari a ga launin da zai bayar. Ranar da na fara ɗiga ruwan sinadarin a kan wani laikin mai launin rawaya, nan take ya koma ja mai duhu, na yi ta kallo kamar yaro. Daga nan a gwada ƙwayoyin gadonsa, a ajiye samfur a ɗakin adana tsirrai, a wallafa bayaninsa da Latin ko Turanci, a yi wa sunan rajista a rumbun sunayen naman gwari irin MycoBank. Sunan ma na naman gwarin ne, mai gida ke nan.

Dausayi kuwa shiga cikinsa wahala ce, ga laka ga sauro, kuma galibin laikin ba sa jure daɗewa a nutse, shi ya sa masu nema suka fi hawa duwatsu. Amma akwai masu son ruwa: Peltigera hydrothyria a ƙarƙashin ruwan ƙoramu masu sanyi yake rayuwa a gabashin Arewacin Amurka.

In kin ci karo da shi, ɗauki hoto, kada ki kankare. Wasu ko milimita 1 ba sa ƙarawa a shekara.