Ina Moukoko ya shiga, yaron da ya fara Bundesliga yana ɗan shekara 16?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni magoyin bayan Borussia Dortmund ne daga Garwa. A shekarun baya an yi ta kururuta Youssoufa Moukoko, har ana cewa shi zai gaji Haaland. Yanzu kuwa shiru kake ji. Yaya aka yi ya taso, kuma me ya hana shi kaiwa inda ake zato?

Amsa: Wa alaikumus salam. Ɗan ƙasarku ne ai, Malam. A Yawunde, babban birnin Kamaru, aka haife shi ranar 20 ga Nuwamba 2004, ya tashi a Briqueterie, unguwar da Hausawan birnin suka sani sarai. A 2014 ya koma Hamburg da ke Jamus, ya shiga ƙungiyar yara ta St. Pauli, a 2016 kuma Dortmund ta ɗauke shi.

Kururutawar ba a banza aka yi ta ba. Yana ɗan shekara 13 ya ci ƙwallo 40 a wasa 28 a rukunin 'yan ƙasa da 17. Da aka ɗaga shi zuwa 'yan ƙasa da 19, ranar farko ya ɗura wa Wuppertal shida, ya gama kakar da 34 a wasa 20. A 2020 aka sauko da shekarun shiga Bundesliga, babbar gasar lig ta Jamus, zuwa 16, kowa kuma ya san wanda ake wa shimfiɗa. Kwana ɗaya bayan ya cika 16, ranar 21 ga Nuwamba 2020, koci Lucien Favre ya sa shi ya canji Haaland ana dab da tashi a wasan da suka ci Hertha Berlin 5-2, ya karɓe tarihin mafi ƙarancin shekaru da ya buga Bundesliga, wanda Nuri Şahin yake riƙe da shi. Cikin Disamba ya buga Gasar Zakarun Turai da Zenit, sannan ya ci Union Berlin, ya zama mafi ƙarancin shekaru da ya ci ƙwallo a Bundesliga.

To, ga inda gizo ke saƙa. Ƙwallon yara daban, na manya daban. Cikin yara, Moukoko ya fi kowa saurin juyi, ƙafarsa ta hagu kuma ba ta wasa. Ya karɓa, ya juya, ya harba, shi ke nan. A Bundesliga mai tsaron baya ba ya barinka ka juya. Yana manne da bayanka, gwiwar hannunsa a haƙarƙarinka, kafin ƙwallon ta sauka ya riga ya ture ka. Lamba 9, wato ɗan wasan gaba mai cin ƙwallo, a babbar ƙungiya dole ya iya tare ƙwallo yana ba raga baya, ya yi tsalle da ƙattai, ya riƙe har abokan wasa su iso. Moukoko ba dogo ba ne, kuma ba a nan ƙarfinsa yake ba. Ya fi jin daɗi idan yana fuskantar raga, da wani kusa da shi.

Sai matsalar gurbi. Wirtz da Musiala, waɗanda suka taso kusan lokaci guda da shi, koci na iya sa su a tsakiya ko a gefe, su yi kuskure yau su gyara mako mai zuwa. Mai cin ƙwallo kuwa gurbi ɗaya ne, ƙungiyar da ke neman kofi kuma ba ta koyar da yaro a wannan gurbin. Dubi waɗanda ya yi ta tararwa a gabansa: Haaland har 2022, sai Haller, sai Füllkrug a 2023, sai Guirassy a 2024.

Sau ɗaya ƙofa ta buɗe masa sosai, ya kuma shiga. Da aka gano Haller na da ciwon daji a 2022, aka kawo Modeste ya toshe gurbin, amma yaron ya ƙwace wurin. Shi ya ci Schalke da ka a wasan hamayya na Satumba, aka tashi 1-0, ya kuma ci Bayern a wasan 2-2 na Oktoba. Hansi Flick, kocin Jamus a lokacin, ya tafi da shi Gasar Kofin Duniya a Katar, inda ya shigo a wasan Japan yana da shekara 18 da kwana uku. A Janairun 2023 ya sabunta kwantiragi har 2026. A ganina nan ne mararrabar. Haller ya warke ya dawo a watan, shi kuma ya ji rauni a idon sawu a Fabrairu, daga nan sai zaman benci. Da a lokacin ya tafi matsakaiciyar ƙungiya inda zai buga minti 90 kowane mako, ina jin da labarin ya sha bamban. Ɗan shekara 18 ba ya koyon kokawa da masu tsaron baya da minti goma-goma.

Ce-ce-ku-ce kan shekarunsa ta bi shi tun yana ƙarami. Takardunsa na hukuma 2004 suka ce, da su ake aiki. Ga kuma zagin wariyar launin fata da ya sha a intanet, shi da Jessic Ngankam, bayan wasan Jamus da Isra'ila a gasar 'yan ƙasa da 21 ta 2023. Kaya ne mai nauyi a kan matashi.

Aron da aka ba Nice ta Faransa a kakar 2024/25 bai yi armashi ba. Ƙwallo biyu ya ci a lig, dukansu a wasa ɗaya, ranar da suka lallasa Saint-Étienne 8-0. A bazarar 2025 Dortmund ta sayar da shi ga FC Copenhagen ta Denmark, yana ɗan shekara 20. Idan za ka bi shi a can, Malam, kada ka tsaya ƙirga ƙwallaye kawai. Duba sau nawa ake fara wasa da shi, da abin da yake yi idan ƙwallo ta zo masa yana ba raga baya.