Amsa ga ɗana kan al'adar rubuta bayanin sauyi a Python

Assalamu alaikum, ɗana. Bayan gaisuwa da fatan alheri, saƙonka ya iso ni. Ka ce ka tura ɗan gyara zuwa ga masu kula da Python, yaren rubuta manhajar kwamfuta, sun duba sun ce aikin ya yi, amma ba za su haɗa shi ba sai ka rubuta bayanin abin da ka sauya. Kana tambaya ko wannan al'ada tana da tushe, tun da duk mai son sanin abin da ka yi zai iya buɗe gyaran ya karanta. Tana da tushe ƙwarai, kuma ina so ka riƙe ta da muhimmanci.

Da farko ka sani wurare biyu ake rubutawa, kuma ba aiki ɗaya suke yi ba. Na farko shi ne ɗan gajeren bayanin da ke bin kusan kowane gyara, wanda ake ajiyewa a wata ma'ajiyar fayiloli mai suna Misc/NEWS.d. A da fayil guda ne kowa ke ƙara layinsa a ciki, sai ya zamana idan mutum biyu suka rubuta a wuri ɗaya gyare-gyarensu su yi karo. A 2017, shekarar da aikin ya koma GitHub, shafin intanet da ake ajiye manhajoji a yi aikinsu tare, aka fara amfani da wata ƙaramar manhaja mai suna blurb wadda Larry Hastings ya rubuta. Ita ke ba kowane gyara fayil nasa, da kwanan wata da lambar rahoton matsalar da aka gyara a cikin sunan, sannan a tattara su duka ranar fitar da sabuwar siga. Ba kowane gyara ke buƙatar wannan ba: wanda ya gyara kuskuren rubutu a takardun bayani, ko ya sauya wani abu na ciki da mai amfani ba zai taɓa gani ba, ana ɗauke masa.

Na biyu shi ne babbar takardar da ake kira What's New, wadda ke fita tare da kowace sabuwar siga. A. M. Kuchling ne ya riƙa rubuta ta tun daga siga ta 2.0 a shekarar 2000 har zuwa 2.7, kuma salon da ya kafa bai bar ta ba. Ba a zuba komai a cikinta. Ana zaɓar abin da zai shafi mai amfani, a bayyana shi da harshen da zai gane, sau da yawa da ɗan misali, sannan a rufe da sunan wanda ya kawo gudummawar da lambar matsalar. Wannan ambaton suna haƙƙi ne, domin da yawa daga cikin masu aikin nan 'yan sa-kai ne, kuma lambar tana nuna wa na baya inda aka yi muhawarar idan ya so sanin dalili.

Yanzu ga abin da ka ce, wai mai so ya karanta gyaran da kansa. Ka yi tunanin mutumin da ke kula da manhajar biyan albashi a wani kamfani, wadda wani ya rubuta shekaru da dama da suka wuce ya bar aiki. An ce masa ya ɗaga ta zuwa siga ta 3.13, wadda ta fito ranar 7 ga Oktoba 2024. Gyare-gyaren da suka shiga tsakanin sigarsa da wannan dubbai ne, ba zai iya bin su ɗaya bayan ɗaya ba. Abin da zai yi shi ne ya buɗe takardar, ya tsallake labarin sababbin abubuwa, ya gangara kai tsaye zuwa sashen abubuwan da aka cire. A nan zai ga cewa an fitar da tsofaffin rukunai 19 daga laburaren yaren, irin su cgi da crypt da telnetlib, bisa shawarar PEP 594 (PEP takardar shawara ce kan sauyi ko ƙa'ida a Python, kowacce da lambarta). Idan manhajarsa tana kiran cgi a layinta na farko, wannan jimla guda ce za ta raba shi da wayar gari ranar biyan albashi manhaja ta ƙi tashi. Haka aka yi a 3.12, da ta fito a Oktoban 2023, inda aka cire distutils da mutane da yawa suka dogara da shi wajen girka kayansu.

Shi ya sa a wurina sashen da ya fi kowane nauyi shi ne na abin da aka cire da abin da ake shirin cirewa, ko da yake shi ne wanda matasa suka fi ƙin rubutawa, saboda babu abin alfahari a ciki. Ƙa'idar PEP 387 ta tanadi cewa ba a cire abu kwatsam, sai an yi gargaɗi na aƙalla siga biyu; rukunan nan 19 tun a 3.11 aka sanar da su. Kamar maƙwabci ne da zai rushe katangar da ke tsakaninku, dole ya faɗa maka tun da wuri don ka kwashe abin da ka jingina. Mutanen Python sun ɗanɗana ɗacin sauyi mai yawa a lokaci guda: siga ta 3.0 ta fito a Disamban 2008, amma sai 1 ga Janairu 2020 aka iya rufe babin Python 2, saboda jama'a sun daɗe ba su ƙaura ba.

Game da dalilin da ya sa kai ake so ka rubuta, amsar ita ce babu wanda ya san gyaran kamarka, kuma yau ka fi sanin sa fiye da bayan wata shida. Tun da aka koma fitar da siga kowace shekara bisa PEP 602, ana daina karɓar sababbin abubuwa a watan Mayu, a fitar a Oktoba. Editocin takardar suna tace abin da aka rubuta a wannan tsakani, amma ba za su iya tono abin da ba a rubuta ba.

Idan ka zauna rubutawa, kada ka ba da labarin wahalar da ka sha ko dabarar da ka yi a ciki, wurin wannan shi ne tattaunawar gyaran. Ka ambaci sunan aikin da ya sauya daidai yadda ake rubuta shi, ka faɗi yadda yake yi a da da yadda zai yi yanzu, a jimla ɗaya ko biyu cikakku. Idan sauyin zai iya karya manhajar wani, ka faɗa a fili, ka kuma ƙara layi a sashen ƙaura na babbar takardar, wanda ke nuna wa mutane abin da za su gyara a nasu ɓangaren. Idan kana shakkar ko gyaranka ya kai a sa shi a babbar takardar, ka tambayi wanda ke duba maka aikin kafin a haɗa.

Ka gaida mahaifiyarka da ƙannenka. Ka turo mini jimlar da ka rubuta in gani kafin ka miƙa.

Baffanka.