Ina Kuzarin Ƙwallo Yake Shiga?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗalibin sakandare ne a Daura. An koya mana cewa kuzari ba ya ɓacewa, kama kawai yake sauyawa. To na saki ƙwallo daga kan katanga, kowane tashi bai kai na baya ba, har ta kwanta. Ina kuzarin ya shiga?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗana. Malaminku ya faɗi daidai, kai ma idonka bai ruɗe ka ba.

Mu yi lissafi. Ƙwallon ƙafa nauyinta tsakanin giram 410 ne da 450. Ka ɗaga mai giram 430 sama mita 2, ka ajiye mata kuzari kimanin jul (ma'aunin kuzari) 8.4 ke nan, wato kilo 0.43 sau 9.8 (ƙarfin jan ƙasa) sau mita 2. (Sunan jul daga James Joule aka samo shi, Baturen Ingila da ya auna yadda motsi ke komawa zafi a shekarun 1840.) A ce ta dawo mita 1.4, to kashi 70 cikin ɗari ya dawo, jul 2.5 ya fita. Tashi na biyu wajen santimita 98, na uku 69. Kaso kusan ɗaya take biya kowane karo, kamar mai biyan haraji a kowace ƙofa.

Mafi yawan asarar a daidai bugun ƙasa take faruwa. Ƙwallon takan lotsa, iskar ciki ta matsu, sannan ta miƙe ta wurgo kanta sama. A wannan lotsawa da miƙewa roba da fata suna gogar juna ta ciki, su yi ɗumi. Ɗumin kaɗan ne, hannu ba zai ji ba. Amma samu wayar ƙarfe ka yi ta lanƙwasa ta wuri ɗaya, sannan ka taɓa gaɓar, za ka gane. Ƙarar "tim" da ka ji ma kuzari ce, ta bi iska. Iskar da ƙwallon ke ratsawa ita ma ta ɗan ci nata.

Ƙasar ma tana da rabo. A kan siminti ƙwallo na tashi sosai, a filin rairayi irin na unguwanninmu kuwa sai ta yi luɓus, don kuzarin ya ƙare wajen ture yashi. Haka ƙwallon da ta sace: ta fi lotsawa, ta fi asara.

Gwada da kanka. Manna tef ɗin tela a bango, ka saki ƙwallon daga santimita 150, abokinka ya ɗauki bidiyo da waya. Raba tsayin kowane tashi da na wanda ya gabace shi, ka turo mini abin da ka samu.