Littafin sa'o'in tashi: na takarda ko na waya?

Ƙanena, ka tambaya daga Damagaram ko za ka iya barin littafin takarda, ka riƙa rubuta sa'o'in tashinka a waya, tunda ka fara koyon tuƙin jirgi. Ka riƙe duka biyun tukuna.

Manhajoji irin su LogTen, ForeFlight da MyFlightbook suna tara lissafi da kansu: tashin rana, na dare, da wanda ka yi kai kaɗai. Amfaninsu babba ne, domin a ƙa'idar ICAO, hukumar kula da sufurin jiragen sama ta duniya, ana neman sa'o'i 40 kafin lasisin farko, sannan 1,500 kafin babban lasisin jiragen fasinja. Wa zai tara wannan da biro bai yi kuskure ba?

Sai dai sa hannun malaminka shi ne hujja, kuma ANAC, hukumar sufurin jiragen sama ta Nijar da ke Yamai, ke ba da lasisi. Tambaye su irin rubutun da suke karɓa kafin ka jingine takarda.

Lokaci kuwa ka sa shi a UTC, wato agogon bai-ɗaya na duniya; agogon Nijar na gaba da sa'a 1. Ana fara ƙidaya daga motsin jirgi don tashi har ya tsaya cak.

Duk ƙarshen wata ka fitar da PDF ka buga. Zafi da ƙurar garinmu ba sa tausayin waya.